Ɗingishi da Zazzaɓi: Ciwon Ƙashi Mai Mugunya a Jikin Yara

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya gane ciwon ƙashi mai mugunya tun yana sabo, ya san dalilin da ya sa kwanakinsa na farko suka fi komai muhimmanci, ya kuma iya ba maƙwabcinsa amsa idan ya ce a dakata tukuna a gani.

Ramin da ba ya rufewa

A garuruwan bakin gulbin Rima, daga Argungu zuwa Ambursa da Zauro har Birnin Kebbi, ba baƙon abu ba ne a ga yaro yana yawo da tsumma ɗaure a ƙwauri. Idan aka kwance tsumman sai a ga ɗan rami da bai fi ƙwayar gero biyu ko uku ba, fatar gefensa ta yi baƙi ta manne da ƙashi, yana tsiyayar da ruwa mai wari. Yakan rufe wata biyu a ce an samu sauƙi, sai ya sake buɗewa. Wata rana ma wani ɗan guntun abu fari mai kaifi ya leƙo, uwa ta ja shi da yatsa, ta ga ashe ƙashi ne. Wasu suna kiran wannan gyambo, wasu su ce daji ne, wasu su ce jifa aka yi wa yaron. Likitoci suna kiransa ostiyomayalaitis, wato ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi da ɓargo sun tara mugunya. Ramin nan da muke gani ƙarshen labari ne. Farkonsa wani mako ne da ya wuce tun da daɗewa, makon da yaron ya kwana da zazzaɓi ya tashi yana ɗingishi, kuma a cikin makon nan ne makomar ƙafarsa ta tabbata. Hujjar wannan darasi ɗaya ce: ciwon ƙashi cuta ce da ake tsere da ita. A kwanakin farko magani kaɗai yake warkar da ita. Bayan nan sai an haɗa da wuƙar likita. Idan aka ƙara jinkiri, yaro zai biya da tsawon ƙafarsa, ko gaɓarsa, ko ransa.

Yadda ƙwayar cuta take kaiwa ga ƙashi

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar itace. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga an sara ƙashin ƙwaurin sa da gatari ya san ba haka ba ne. Daga waje akwai wata siririyar fata da ta manne masa, sai ɓawo mai tauri, sai ɓargo a tsakiya. Can kusa da kan ƙashin, inda yake haɗuwa da gaɓa, cikinsa ƙananan ramuka ne birjik kamar soso, jajur da jini. Ƙashi rayayye ne, jini yana shiga yana fita a cikinsa dare da rana. A jikin yaro akwai ƙarin abu guda: kusa da kowane kan dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, kuma daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo har yaro ya gama girma. Ƙananan jijiyoyin jini da suke ciyar da wurin suna zuwa dab da faifan, su karya kwana, su juya baya, jinin ya rage gudu. Manomin shinkafa a fadama ya san gulbi ba ya ajiye laka a inda yake gudu. A lungu yake ajiye ta, inda ruwa ya lafa. Haka jini yake ajiye ƙwayar cutar da ya ɗauko a lungun nan na ƙashi. Shi ya sa cutar ta fi kama yara fiye da manya, kusan rabin masu kamuwa ba su kai shekara 5 ba, kuma ta fi zama sama da gwiwa ko ƙasa da ita, sai kusa da kwatangwalo da kafaɗa da idon sawu, wuraren da ƙashi ya fi saurin girma.

Ƙwayar da ta fi jawo wannan ciwo ita ce sitafilokokus, wadda wani likitan tiyata na birnin Abadin a Sikotilan, Alexander Ogston, ya bayyana a 1880 bayan ya duba mugunya a madubin likita ya ga ƙwayoyin a cure kamar nonon inabi. Ba daga nesa take zuwa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi masa komai ba, kuma ita ce take haddasa maruru. Abin da take jira shi ne ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙofar kan zama maruru da aka matse da hannu mai datti, ko ƙazuwar da yaro ya sosa har ta fashe, ko cibiyar jariri da ta ruɓe, ko allurar da aka yi ba tsafta. Daga nan ƙwayar ta bi jini ta sauka a ƙashin da yake nesa da inda ta shiga, shi ya sa iyaye ba sa haɗa ƙurjin da ya warke a hannu da ciwon da ya taso a cinya. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ƙwayar take shiga kai tsaye: ƙusa ko ƙaya da ta soki tafin ƙafa ta yi zurfi, ƙugiyar su da ta nutse a yatsa, ko karayar da ƙashi ya huda fata a haɗarin babur.

Abin da kwanaki suke yi

Idan mugunya ta taru a nama, naman yana kumbura ya ba ta wuri. Ƙashi ba ya kumbura. Mugunyar tana taruwa a rufaffen wuri mai tauri, tana matse duk abin da yake ciki, wannan ne ya sa yaron yake ihu da ciwo alhali ido bai ga komai a waje ba. Matsin yana toshe jijiyoyin da suke ciyar da ƙashi daga ciki. Bayan 'yan kwanaki mugunyar takan sami ƙananan kafofi ta ɓulla bayan ɓawon, ta ɗaga siririyar fatar nan da ta manne masa, alhali ta cikin fatar ne jini yake shiga ƙashi daga waje. An yanke masa abinci ta ciki, an yanke ta waje, sai wannan yanki na ƙashi ya mutu. A nan ne duk maganar take. Kowane magani, na sha ko na allura, jini ne yake ɗaukarsa ya kai shi inda ciwo yake. Inda jini ba ya zuwa, magani ba ya zuwa. Mataccen ƙashi ya zama mafakar ƙwayoyin cuta wadda babu maganin da zai shiga, ko da an sayi mafi tsada a duniya. Jikin yaro yana iya ƙoƙarinsa: yakan gina sabon ƙashi ya kewaye mataccen kamar yadda kube yake rufe wuƙa. Amma wuƙar tana nan a ciki, mugunya tana ta fitowa, har ta huda fata ta yi ramin nan da ba ya rufewa.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Tun a makon farko ƙwayoyin suna iya cika jini su kai huhu da zuciya, yaro ya rasu ana cewa zazzaɓi ne ya yi ƙarfi. Mugunyar tana iya faɗawa cikin gaɓa, musamman ta kwatangwalo, ta cinye guringuntsin cikin 'yan kwanaki, gaɓar ta ƙage har abada. A jikin jarirai hakan ya fi sauƙin faruwa, domin kafin wajen wata 18 jijiyoyin jininsu suna ratsa faifan girma su kai kan ƙashi. Idan faifan ya lalace, ƙafa ɗaya za ta ci gaba da tsawo ɗayar ta tsaya, ko ta karkace. Ƙashin da ya ruɓe yana iya karyewa a tafiya kawai ba tare da faɗuwa ba. Ramin da ya shekara da shekaru yana tsiyaya kuwa, wani lokaci bakinsa yakan rikiɗe ya zama sankarar fata bayan yaron ya girma.

Alamomin da za a lura da su

Alamar da ta fi kowace ita ce haɗuwar abu biyu: zazzaɓi, wanda a nan ƙasar Kabi da Gwandu aka fi kira masassara, tare da ƙin taka ƙafa ko ƙin motsa hannu. Uwa tana iya gwadawa a kan tabarma. Ki kwantar da yaron, ki fara da lafiyayyar ƙafar don ya saki jiki, sannan ki koma ga mai ciwon. Ki sa yatsa ɗaya kina danna ƙashi a hankali, daga tsakiyar ƙwauri kina hawa zuwa gwiwa, sannan sama da gwiwa. Idan kin iso wani wuri guda da yaron ya zabura ya riƙe hannunki, ki sa bayan hannu ki ji ko ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi. Wannan ya isa hujja. Kada a jira kumburi ko ja, domin sukan zo ne bayan mugunya ta riga ta fito bayan ƙashi, kuma ja ba ya saurin nunawa a baƙar fata. Jariri ba ya iya nuna wurin, wani lokaci ma jikinsa ba ya zafi. Abin da za a gani shi ne hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta kwanta ba ya motsa ta, yana tsala ihu duk lokacin da aka buɗe ƙafafunsa za a goya shi ko za a yi masa wanka, yana ƙin nono. Duk ƙafar yaro da ta saki farat ɗaya a kai ta asibiti, domin ma'aikatan lafiya suna bincika ko shan inna ce ko ciwon ƙashi, kuma ba a bambance su a gida.

Akwai yaran da haɗarinsu ya fi na saura. Na farko masu sikila, wato amosanin jini. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara. Jininsu yana toshe ƙananan jijiyoyi ya kashe ɓangarorin ɓargo, saifarsu kuma ba ta tace ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. A jikinsu ana yawan samun salmonela, dangin ƙwayar taifot, wadda take shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma cutar takan kama ƙashi fiye da ɗaya. Na biyu masu tamowa, waɗanda jikinsu ba shi da ƙarfin yaƙi. Yawan yaran da ake kwantarwa a cibiyar tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF take gudanarwa a Maiyama ya nuna cewa a jihar Kebbi da take noma shinkafa haka ma yunwar yara ba ta kau ba. Na uku yaran da suke zaune da mai tarin fuka. Ƙwayar tarin tana kama ƙashi, musamman na gadon baya, amma ita a hankali take tafiya: rama, zufar dare, ciwon baya na watanni, daga baya ƙusumbi ya fito. Maganinta dabam ne, yana ɗaukar watanni da yawa har zuwa shekara, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Yadda ake maganinsa

Kafin a sami penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928 aka kuma fara amfani da shi sosai a shekarun 1940, wannan ciwo yana kashe yara da yawa har a Ingila da Amurka. A yau a ƙasashen da ake kai yaro asibiti da wuri, mafi yawansu suna warkewa sarai ba tare da tabo ba. Ƙwayar cutar ɗaya ce a can da nan. Bambancin yana ga ranar da aka fara magani. A asibiti likita zai duba yaron, a ɗebi jini a auna alamun kumburi, a yi gwajin sikila, a inda akwai kayan aiki kuma a shuka jinin ko mugunyar don a gane ƙwayar da maganin da yake kashe ta. Za a kwantar da shi a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, irin su kuloksasilin, ko seftiriyazon ga mai sikila, tare da maganin rage ciwo, a kuma tallafe ƙafar don ta huta. Idan an zo da wuri, cikin kwana biyu zuwa uku zazzaɓi yakan sauka yaro ya fara motsa ƙafar, daga nan a mai da shi kan maganin sha. Jimillar magani takan kai mako uku zuwa shida, gwargwadon yadda ciwon ya yi nisa. Binciken da Heikki Peltola da abokan aikinsa suka yi a Finlan, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa kwana 20 sun wadatar ga yaran da aka kawo cutar tana sabuwa. Zuwa da wuri yana rage har kwanakin shan magani.

Idan mugunya ta riga ta taru, ko kwana biyu zuwa uku sun wuce ba sauƙi, sai an shiga ɗakin tiyata a buɗe a fitar da ita a wanke. Idan gaɓa ce ta cika, ba a kwana. Wanda aka kawo da mataccen ƙashi kuwa, aikinsa ya fi tsawo: likita yakan jira sabon ƙashin da ya kewaye shi ya yi ƙarfin ɗaukar yaron, sannan ya buɗe taga a jikinsa ya zaro mataccen, ya kankare ruɓaɓɓen nama, a bi da magani na makonni. Wani sai an yi masa aiki sau biyu ko uku, kuma cutar tana iya dawowa bayan shekaru. Mutumin Zauro yana da babban asibiti a garinsa, na Argungu ma haka, kuma a nan ya kamata a fara. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sa Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka sani da FMC, akwai kuma babban asibitin Kalgo. Aikin da ya fi ƙarfinsu ana tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959.

Dalilan da suke sa a jinkirta

Wani zai ce: "Ai faɗuwa ya yi wurin ƙwallo, targaɗe ne, a kai shi wurin maɗori." Maganar tana da tushe, domin yara da yawa masu wannan ciwo sun ɗan bugu kafin ya taso. Amma wane yaro ne yake yin mako bai faɗi ba? Targaɗe ba ya zuwa da zazzaɓi, kuma kullum sauƙi yake ƙarawa. Ciwon ƙashi kullum gaba yake yi. Ɗori sana'a ce ta gado, mutane sun yarda da masu ita saboda suna kusa kuma suna da sauƙin biya. Sai dai a nan babu abin da ya karye balle a ɗora. Murzawa da ja suna ƙara ɓarna, ɗaurin karare a kan ƙafar da take kumbura yana iya tsai da jini gaba ɗaya, tsagar wanzami da sakiya kuma suna buɗe sabuwar ƙofa ba tare da sun kai ga mugunyar da take cikin ƙashi ba. Maɗorin da ya taɓa goshin yaro ya ji zafi ya ce a wuce asibiti, darajarsa ƙaruwa take yi. Wani kuma zai ce: "Zazzaɓin cizon sauro ne, an gwada an gani." A damina yaran fadama da yawa suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jini, saboda haka gwajin yana iya nunawa alhali akwai wata cuta tare da ita. Maleriya tana sa ciwon jiki duka. Ba ta zaɓen wuri guda ƙasan gwiwa ɗaya. Wannan tunatarwa ce ga iyaye, kuma ga ma'aikacin ƙaramin asibiti: a sa yaron ya taka a gani, a danna ƙasusuwansa, kafin a rubuta magani.

Akwai mai cewa: "Mun saya masa kafso a kemis, jikin ya yi sanyi." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ampiclox na kwana uku yana iya kwantar da zazzaɓi ya bar ƙwayar da rai a cikin ƙashi, ya ɓoye alamomin da likita zai gani, ya kuma koya wa ƙwayar jure magani. Tun 1961 aka gano a Ingila nau'in sitafilokokus da ba ya jin magungunan da aka saba, kuma yanzu ya bazu duniya. Wannan gargaɗi ya shafi wanda aka sallama daga asibiti: yaro ya tashi yana gudu a mako na biyu, amma maganin sai an shanye shi har ranar da likita ya yanka. Akwai mai cewa: "An ɗauki hoto, an ce ba komai." Hoton ƙashi ba ya nuna wannan cuta sai bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da ta riga ta ci wani sashe na ƙashin. Hoton da ya fito fes a makon farko labari ne mai daɗi, domin yana nufin akwai sauran lokaci, kuma likita yana fara magani ne a kan alamomi da gwajin jini. Akwai mai cewa: "Ya fashe, ruwan ya fita, yaro ya yi barci." Gaskiya ne ciwon yakan ragu, tunda matsin ya sauka. Amma fashewar shaida ce cewa mugunya ta riga ta ratsa ƙashi da nama. Uwar mai sikila kuma za ta ce ta saba da ciwon ƙashin ɗanta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tashin sikila ya fi ciwon ƙashi mai mugunya yawa nesa ba kusa ba, amma su biyun suna kama har likita ma sai ya yi gwaji. Zazzaɓi a jikin mai sikila dalilin zuwa asibiti ne a ranar, balle idan ciwon ya tsaya wuri guda ya ƙi sauka.

Saura dalilai biyu masu nauyi, tsoro da kuɗi. Ana cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna bayyana cewa ɗaya daga cikin manyan dalilan yanke hannu ko ƙafar yaro shi ne ruɓewar da matsattsen ɗori ya jawo. Ana kawo gaɓar ta riga ta mutu, sai laifin ya faɗa kan wanda ya cire ta don ya ceci rai. Shi ciwon ƙashi da wuya ya kai ga yankewa. Aikin likita a kansa ceton ƙafar ne. Maganar kuɗi kuwa gaskiya ce, ba wanda zai raina ta. Kuɗin mota, na gado, na allurai, ga uwa za ta bar gida, ga uba zai bar gona ana tsakiyar yankan shinkafa, wata shekarar ma ruwa ya yanke hanya kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020. Amma a auna nauyin biyu. Na farko kwanaki kaɗan a asibiti da maganin sha na 'yan makonni. Na biyu tiyata, da zirga-zirga zuwa Sakkwato ko Kano, da shekarun sayen bandeji, da yaron da ya bar makaranta saboda wari, da saurayin da ba zai iya shiga fadama ba. Jinkiri bashi ne mai ruwa. Hukuma ma tana da nata haƙƙin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, jihar Kebbi kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Ya kamata magidanci ya je ya tambayi yadda ake rajista tun kowa yana lafiya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce ƙaddara ce, mun yarda komai da ƙaddara yake, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Abin da yake hannunmu

Babu allurar rigakafin sitafilokokus, amma ana iya rufe mata ƙofofi. A wanke rauni da ruwa mai tsafta da sabulu a rufe shi, a yi maganin ƙazuwa da maruru, a sa wa yara takalmi, a shafa wa cibiyar jariri maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti maimakon toka ko man goge baki. A kai jariri allurar BCG da haihuwa, da allurar fenta da ta cutar huhu a mako na 6 da na 10 da na 14, domin suna kare shi daga wasu ƙwayoyin da suke kama ƙashi da gaɓa. Masu niyyar aure su yi gwajin jini: idan duka biyu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Duk da haka wasu yaran za su kamu, ko da iyayensu sun yi komai daidai. A lokacin abin da ya rage shi ne wanda zai lura a safiyar farko: uwar da ta ga ɗanta ya ƙi sauka daga gado, malamin allo da ya ga almajirinsa yana jan ƙafa jikinsa rau, maɗorin da aka fara kai wa. Duk yaron da muke gani da tsumma a ƙwauri ya taɓa samun irin wannan safiya, ƙashinsa yana da rai, jini yana shiga ko'ina a cikinsa, magani zai iya kaiwa. Zauro zuwa Birnin Kebbi ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Idan zazzaɓi ya haɗu da ɗingishi, a tafi a ranar.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwon ƙashi ya fi zama kusa da gwiwar yaro?
2. Me ya sa magani ba ya aiki a kan mataccen ƙashi?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin targaɗe da ciwon ƙashi mai mugunya.
4. Idan hoton ƙashi bai nuna komai ba a kwana na uku, me hakan yake nufi?
5. Waɗanne alamomi ake gani a jikin jaririn da ba ya iya nuna inda yake masa ciwo?

Aiki

Ku kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kawo dalilan da suke sa mutanen garinku jinkirta zuwa asibiti, ɗaya ɓangaren ya amsa da abin da aka koya a wannan darasi. Daga nan kowa ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, da kuɗin motar zuwa can, da wanda zai kira idan buƙata ta taso da dare.